Ginin da Bai San Yaya Ba

Ranar da aka kai mu ganin sabon ginin kamfani, sai da Yaya ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa. Na ce, "Haba Yaya, ba gidan surukai muka zo ba fa, mu ne za mu riƙa goge shi." Ta ce, "To ai shi ya sa, Auta. In na bar sawu, wa zai goge in ba ni ba?"

Haka take tun muna yara. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta goma sha tara tana goge ofisoshin wannan kamfani. Ita ta kawo ni aikin, amma da yake na fi ta baki, ni ɗan kwangilar da ya ɗauke mu ya naɗa shugabar masu goge-goge. Mu takwas ne, duk mata. A shekarun nan goma sha tara ba a taɓa kai ƙarar Yaya ba ko sau ɗaya, kuma ba ta da wani abin taƙama a duniya da ya wuce wannan. Mijinta ya rasu, gwiwarta ta dama ta fara ba ta wahala, aikin nan shi ne rufin asirinta.

Ginin kuwa, kyan ɗan maciji. Hawa goma, gilashi tun daga ƙasa har sama. An jera allunan sola a kan rufi da kan rumfar motoci, har ɗakin maigadi sai da aka ɗora masa guda biyu. A falon shiga an yi wani bango na ganyaye masu rai, ana shayar da su ta wasu siraran bututu, gefensa kuma ga wani makeken allo yana nuna yawan wutar da ginin ya sha a yini. Kada wani ya ce kewar janareto nake yi. Tsohon ginin da muka baro, janareto uku ne ke ruri a bayansa ba hutu, in kika shanya tsumma kusa da su sai ki ɗauko shi baƙi ƙirin. Na yi murna da sola, wallahi har cikin raina.

Wanda ya zagaya da mu shi ne manajan da aka ɗauko takanas saboda wannan sauyi. Yana maƙala wani ɗan ƙarfe mai siffar ganye a ƙirjin rigarsa, to tun ranar muka raɗa masa suna Ganye, kuma daga baya na ji har 'yan ofis da shi suke kiransa a bayan idonsa. Mutum ne mai fara'a irin wadda ba ta wuce haƙora. Ba ya yin magana uku bai ce "duniyar jikokinmu" ba, alhali ko auren fari bai yi ba.

"Wannan gini yana da hankali," in ji shi. "Ya san wanda ke cikinsa."

Ya ɗaga wani farin kati da ke rataye a wuyansa. Wai kowane ma'aikaci yana da irinsa. In ka shiga hawa da kati, fitilu su kama, esi ya tashi, labulen tagogi su naɗe kansu, famfo ya kawo ruwa. In mai kati na ƙarshe ya fita, komai ya mutu, labule ya sauko ya rufe gilashi ruf don kada zafin rana ya shiga. Lifta ma ba ta buɗe baki sai ta ga kati. Yaya ta riƙe haɓa tana ta "Ikon Allah!" Ni ma na taya ta. Ba wadda ta tambayi ina namu katin, don a zatonmu ba abin tambaya ba ne.

Washegari ƙarfe biyar da rabi na safe muka iso da kayan aikinmu. Maigadi ya miƙo mini makulli ɗaya, na ƙofar baya, wadda ke kaiwa ga matakala. Shi ke nan abin da aka bar mana.

Na danna lifta, ko gezau. Muka hau hawa na ɗaya da ƙafa, muka tura ƙofa, duhu ya mare mu. Labule a sauke, fitila ba ko ɗaya, iska kuwa sai ka ce an rufe mutum a akwati, ga tagogin ba irin waɗanda ake buɗewa ba ne. Na laluba banɗaki na murɗa famfo, ya yi mini tari sau biyu ya yi shiru. Famfo ɗaya tak ke ba da ruwa ba tare da kati ba, wanda ke waje kusa da wurin zuba shara. Wato duk bokitin da za a goge hawa na tara da shi, sai an ɗauko shi daga ƙasa a hannu. Hawa na tara kuwa, inda manyan daraktoci suke, na Yaya ne, don tun a tsohon gini ita ake ba ofisoshin manya.

Muka ce kuskuren ranar farko ne. Muka kunna tocilan wayoyinmu, muka cusa su cikin ɗankwali saitin goshi, muka yi aiki a haka. Ƙarfe takwas na tsaya a falo ina jiran Ganye, gumi ya jiƙa ni sharkaf.

"Yallaɓai, an manta da katinmu."

"Mama, ba mantuwa aka yi ba." Ya yi murmushin nan nasa. "Kin ga ku ba ma'aikatan kamfani ba ne, na ɗan kwangila ne. Sannan in kati takwas suka shigo da ƙarfe biyar da rabi, ginin gaba ɗaya zai farka. Fitilu, esi, famfo, lifta. Awa biyu da rabi kullum ke nan a kan allon can."

"To ya farka mana. Ai mu ma farkawa muka yi muka zo."

Ya yi dariya kamar na ba shi labarin raha, ya shiga yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa wadda ba ta da kai. Akwai wasu masu dubawa da za su zo daga waje nan da wata uku. Su ke ba gine-gine lambar yabo ta tsimin wuta, kuma kamfani ta zinare yake so. Lambobin allon nan na wata uku za su duba. In an tashi ginin da sassafe, sai dai ta azurfa.

Na ce, "Yallaɓai, batiran nan na sola fa ranar Allah ce ta cika su, kyauta. Mai gyaran wutarku ya ce kullum da saura suke kwana."

"Ba maganar inda wutar ta fito ba ce, Mama, maganar yawan da aka sha ce. Ku yi haƙuri na wata uku. Ku ma fa kuna cikin wannan gwagwarmaya."

Ka ji fa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Na tafi wurin ɗan kwangila, wani mai tumbi da ba ya shiga ginin sai ranar da za a sabunta masa takarda. Ya saurare ni yana danna waya, ya ce shi bai san zancen kati ba, abin da ya sani kowace mace ta gama hawanta kafin ƙarfe takwas, kuma duk wadda aka kawo ƙararta daga sama ta ajiye masa rigar aiki, akwai mata ashirin a layi.

A hanyar gida na ce wa Yaya mu yi musanya. Ta dawo falon ƙasa, kusa da famfo, ni in hau na tara. Sai ta tsaya cak a gefen titi.

"Ni za ki mayar ƙasa kamar sabuwar zuwa?"

"Gwiwarki nake ji, Yaya."

"Gwiwata ta kawo miki ƙara ne? Tun kina goyon 'ya'yan maƙwabta nake goge teburin manya. Ki kama bakinki, Auta."

Na kama bakina. Wanda ya san Yaya ya san ba a ja da ita a kan aiki. Abin da na iya kawai, in gama nawa hawan da wuri in taya ta ɗaukar ruwa. Bokiti huɗu take bukata. Takan hau da ɗaya, ta huta a hawa na uku, ta huta a na biyar, a na bakwai sai ta zauna kan matakala ta miƙe ƙafar tana murza ta da tafin hannu. In ta ji takuna sai ta yi zumbur ta miƙe, wai ɗankwalinta take gyarawa. Idonta ma ba na da ba ne, tocilar waya kuwa iyakarta ɗan da'ira a gabanka, kamar faifai. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ni ce mai zage-zage a madadinmu duka, kuma na yi su da kyau.

Mai gyaran wuta, wanda muke kira Mai Wuta, shi ne ya fara jin tausayinmu. Dattijo ne shiru-shiru, shi kaɗai aka taho da shi daga cikin masu kula da janareton tsohon gini, aka koya masa batir. Wata rana ya zo da wuri ya iske Yaya a hawa na bakwai tana haki. Da yamma ya kira ni bayan rumfar motoci, ya zaro katinsa ya danƙa mini.

"Ki riƙa hawa lifta da shi, ke da su da bokitansu. Amma don girman Allah kada ki fita da shi daga cikin liftar. In kika taka waje da shi, hawan zai farka, allon zai tona mu. Ki ajiye mini a wurin maigadi kafin takwas."

Kwana goma sha biyu muka yi muna shan daɗi. Ina tsaye cikin lifta kamar kwandasta, in sauke wannan a na huɗu, in sauke waccan a na shida, in koma ƙasa a miƙo mini bokitan ruwa. Har yanzu a duhu suke gogewa, amma dai ba hawan matakala. Yaya har ta fara rera 'yar waƙarta.

Rana ta goma sha uku Ganye ya kira Mai Wuta ofis. Mai Wuta da kansa ya ba ni labari, kunya kamar ta kashe shi. Wai Ganye ya juyo masa da kwamfuta ya nuna masa cewa ginin ya rubuta shi yana hawa da sauka a lifta sau ashirin da biyu kowace safiya, bai taɓa fita ko a hawa ɗaya ba. Ya tambaye shi da fuskar damuwa ko lafiyarsa ƙalau, ko akwai abin da ke damunsa a gida, don kamfani yana da likitan da ake tattaunawa da shi. Mutum mai jikoki shida! Da gaskiya ta fito, aka ba shi takardar gargaɗi, aka saita katinsa ba ya aiki sai bakwai da rabi. Muka koma matakala. Ni kuma Ganye ya tare ni ya ce ya ji takaici ƙwarai, bai zaci haka daga gare ni ba. Na ce Allah ya huci zuciyar yallaɓai, a raina kuwa na faɗi abin da ba zai maimaitu ba.

Wata uku suka cika, masu dubawa suka zo, su uku, da 'yan jakunkunansu. Aka cika falo da kujeru, aka yi wa bangon ganyaye wanka. Tun da safe an canza tukwanen shuka tara da suka bushe, ni na kwashe su zuwa bola. Aka ce mu masu goge-goge mu tsaya a ɗakin ajiyar tsintsiya sai an watse, amma ƙofar ɗakin tana kallon falo, ni kuwa Allah bai yi ni da rufe ƙofa ba.

Ganye ya hau mimbari ya yi ta zuba. Hasken rana, ruwan sama da ake tarawa, jikokinmu, jikokin jikokinmu. Can sai ya ce akwai abin da ya fi komai burge shi, kuma ba na'ura ba ce, mutane ne. Ashe an binne wani abu a ƙarƙashin matakala mai ƙirga taku, shi kuma ba ruwansa da kati, ƙafa kawai ya sani. Ya nuna lambobi a allo. Wai a wata ukun nan an hau matakalar ginin fiye da kowane gini irinsa da masu dubawa suka taɓa gani.

"Ma'aikatanmu," in ji Ganye, yana dafa ƙirji, "sun zaɓi ƙafa a kan lifta. Ba wanda ya tilasta musu."

Aka tafa. Babban darakta, wanda direbansa ke ajiye shi taku biyar daga bakin lifta, ya fi kowa tafi. Ɗaya daga cikin masu dubawa ya ce wannan ɗabi'a ta ƙara musu maki sosai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na juya na kalli Yaya, tana zaune kan bokitin da ta kife, ta naɗe gwiwarta da wani tsohon gyale. Na ce, "Kin ji? Ke ake tafa wa." Ta ce, "To Allah ya sa albarka," da zuciya ɗaya ta faɗa, wannan ne ya ƙara ƙona mini rai.

Suka samu ta zinare. Aka kafa ta a bangon falo, aka ƙara mini aikin goge ta kullum.

Na bari aka kwana biyu, na je wa Ganye. "Yallaɓai, barka da arziki. Wata uku sun cika."

Ya dube ni kamar ina magana da wani yare. Da ya tuna, sai ya sosa ƙeya. Wai ai lambar ba ta dindindin ba ce, duk shekara ake sabunta ta, kuma in lambobi suka tashi za a ce da can ma wayo aka yi. Yana dai duba yiwuwar saya mana fitilun goshi masu caji da hasken rana. Ya rubuta a takarda a gabana don in ga ya rubuta. Har yau ana dubawa.

Bayan nan da kamar mako uku, wata Talata, mun gama aiki muna wanke tsummoki a famfon waje, sai ga ɗan kwangila da kansa, yana share gumi. Da ganinsa na san ba lafiya ba. Ya ce an kawo ƙarar hawa na tara, babban darakta ne da bakinsa, kuma Ganye yana son ganin mu uku a can da ƙarfe goma, ni da shi da mai hawan.

Yaya ta matse tsummanta ta shanya shi tsaf. "Ƙarar wa?"

"Taki mana. Wa ke goge na tara?"

"Ƙarya ne," in ji ta, a hankali. "A je a nuna mini."

Ƙarfe goma muka shiga ta ƙofar gaba. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta rubuta mu a littafi, ta rataya wa kowannenmu katin baƙi mai jan igiya, ta ce na minti arba'in ne. Wata huɗu ina roƙon kati, ashe a aljihun teburinta suke, cike da kwali. Lifta ta buɗe mana tun kafin mu ƙarasa.

Hawa na tara da rana wani wuri ne daban. An naɗe labule, haske ya cika ko'ina, sanyin esi yana ratsa mutum, ana hango gari har ƙarshensa. Yaya ta tsaya a bakin lifta tana ƙifta ido. Wata huɗu tana goge wurin nan kullum, ba ta san tayil ɗin fari ba ne sai ranar. Ta raɗa mini, "Ni fa na ɗauka ruwan toka ne."

Ganye yana jiran mu da 'yar takardarsa. Ya gai da Yaya da ladabi, har da ɗan rusunawa, sannan ya ja mu gindin bangon hagu ya nuna da bakin biro. Wani layin datti ne siriri, ya bi gindin bangon tun daga ƙofar banɗaki har ofishin darakta, inda ruwan tsumma ke tura ƙura ya bar ta ta bushe. Ya nuna ƙofar gilashi, duk shatin tsumma. Ya nuna ƙarƙashin babban tebur, inda shayi ya zube ya bushe ya yi zobe, an goge rabinsa an bar rabi.

Ni kam na fashe. "A duhu take gogewa, Yallaɓai! Da tocilar waya a goshi! Ruwa daga ƙasa take ɗauko shi a hannu, hawa tara, saboda ƙarfen da kuka kafa a falo. Kashe fitilun nan ka sauke labule, ga tsumma, ka nuna mana yadda ake ganin wannan layin!"

"Mama, ki sassauta murya, ana aiki." Ya waiwaya yana kallon ofisoshi. "Kuma ba zan iya kashewa ba ko na so. Ginin ba ya kashe wuta in da mutane a ciki."

Wallahi haka ya faɗa, kuma bai ji komai a bakinsa ba. Na buɗe baki zan ba shi amsar da zai kai wa jikokin nasa, sai na ji an riƙe mini hannu.

"Auta, yi shiru."

"Yaya, ai ba laifinki..."

"Na ce ki yi shiru. Datti ne. Ga shi nan kowa yana gani."

Ba Ganye take kallo ba, ba ɗan kwangila ba, layin nan take kallo. Da zaginta aka yi da ta fi samun sauƙi. Fuskarta ta koma kamar ta wadda aka kama da kayan sata, ita da ba ta taɓa ɗaukar ko biron ofis ba. Ta bi layin da ido har ƙarshensa. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya cika ni.

Ɗan kwangila ya gyara murya. Ya ce shi ba ya son dogon zance, doka doka ce, kuma da ma shekaru sun ja. Ta ajiye rigar aiki a wurin maigadi. Ganye ya ce kamfani ba ya sa baki a harkar ɗan kwangila da ma'aikatansa, amma yana godiya ƙwarai da gudummawar da Yaya ta bayar a wannan tafiya.

Yaya ta ɗaga katin da ke wuyanta ta dube shi. "Yallaɓai, saura minti nawa a wannan abin?"

Ya duba agogo. "Kamar ashirin da biyar."

"To a ba ni su. Auta, ɗebo mini ruwa."

Na ce wallahi ba zan ɗebo ba, su lashe shi da harshe. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina rarrafe. Na ɗauko bokiti a ɗakin ajiya na ɗebo.

Ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta fara daga ƙofar banɗaki. Ba sandar gogewa, da hannu, tsumma a naɗe a yatsu biyu, tana bin gindin bangon kaɗan-kaɗan. 'Yan ofis suna wucewa suna ɗaga ƙafa. Ganye ya tsaya na ɗan lokaci yana juya biro, sannan ya tuna yana da taro. Ɗan kwangila ya sauka ya jira a mota. Ni na riƙe bokiti ina matsar mata da shi, hawaye na zubo mini, ina zagin ginin da mai ginin da lambar zinaren a cikin ciki. Ta gama bango, ta shiga ƙarƙashin tebur ta kankare zoben shayin da farce, ta goge ƙofar gilashi sau biyu, ta ja baya ta karkata kai ta duba ta a haske. Sai da na kama ta ta iya miƙewa.

A ƙasa ta cire katin ta miƙa wa yarinyar da hannu biyu, ta yi mata godiya. Ta tuɓe rigar aikin a ɗakin maigadi, ta ninke ta gida huɗu. Maigadi ya kasa kallonta, ya yi ta gyaran rediyonsa. Muka fito rana, allunan sola suna ta ƙyalli a kan rumfar motoci, muka nufi tasha tana ɗingishi.

Mun kusa tasha ta ce, "Wa za ki ba na tara?"

"Ban sani ba, Yaya. Ko oho."

"Ba oho ba ne. Ki ba mai haƙuri." Ta tsaya ta huta a jikin wata fitilar titi. "Kuma ki gaya mata gindin bangon hagu yana riƙe ƙura. Ba za ta gani ba. Ta dai riƙa bi da yatsa, in ta ji gari-gari to da saura."